GANO CUTA KAFIN SHAN MAGANI: INA MATSAYIN GWIWA A SABON BINCIKEN "FEJ"?

A ƙarshen shekarar 2021, sa'ad da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, ta rufe lissafinta game da annobar kwalara, ta bayyana cewa mutum 111,062 ne ake zargin sun kamu da cutar a Nijeriya, daga cikinsu kuma 3,604 suka riga mu gidan gaskiya. Jihar Jigawa ita ce ta zo ta biyu bayan Bauchi, da mutum fiye da 15,000. A cikin wannan bayani akwai wata kalma da ba kowa ne ya kula da ita ba, ita ce kalmar "zargi". Ma'anarta kuwa ita ce, mafi yawan waɗannan bayin Allah ba a tabbatar da cutarsu a ɗakin gwaje-gwaje ba. An dubi alamu ne, aka ga amai da gudawa, aka rubuta suna.

Gaskiya ne idan annoba ta riga ta tabbata a wuri ba a bukatar a gwada kowa da kowa kafin a ɗaura masa ruwa. To, amma fa yin magani a kan zargi bai tsaya ga lokacin annoba ba, shi ne halin da marasa lafiya na karkara suke ciki kullum. Ƙaramar Hukumar Gwiwa, wadda take cikin masarautar Kazaure a kan iyakar Jigawa da Katsina, misali ce mai kyau. Wanda zazzaɓi ya kwantar a wani ƙauye na Gwiwa, ko Roni, ko Babura, abin da ya fi kusa da shi shi ne ɗakin shan magani ko kantin kemis. Za a iya yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro nan take da 'yar tsinken nan da ake ɗiga wa jini. Idan wannan bai nuna kome ba, sauran sai hasashe.

Wannan giɓi ne ya sa ya dace ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san wani fanni na bincike da ke bunƙasa a duniya, inda masana ke sarrafa wasu ƙananan halittu da ake kira fej domin su riƙa tona asirin ƙwayoyin cuta cikin 'yan sa'o'i. Fannin yana da alfanu, yana kuma da tarihin tuntuɓe, kuma duka biyun sun shafi Gwiwa.

Tafiyar da samfuri ke yi

Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita wajen gano cutar bakteriya ita ce a ɗauki jini, ko fitsari, ko bayan gida, ko kakin majiyyaci, a shuka shi a kan wani abinci na musamman a cikin faranti, a ajiye a wuri mai ɗumi har ƙwayar cutar ta tsiro ta yi yawa. Sa'an nan a gwada ta da magunguna iri-iri a ga wanda ke kashe ta. Ga yawancin cututtuka wannan aiki yana cin kwana biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Ga tarin fuka kuwa sai an yi makonni, domin ƙwayarsa takan ɗauki sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wata bakteriyar cikin hanji minti 20 ya ishe ta.

Aikin yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da firji, da sinadarai, da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka samfurin da ake son tabbatarwa daga wannan yanki sai an yi tafiya da shi zuwa babban asibiti, ko Kano, ko Dutse, wani lokaci har babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Na tarin fuka mai wuyar magani kuwa akwai cibiyar ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya. Kafin amsa ta dawo, majiyyaci ya warke, ko ya koma gida, ko kuma rai ya yi halinsa.

Ba Jigawa kaɗai ke cikin wannan hali ba. Wani kwamiti da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2021 cewa kashi 47 cikin ɗari na mutanen duniya ba su da hanyar samun gwajin cuta, ko kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. A 2022 kuma wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 14, har da Nijeriya, ya gano cewa daga cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke iya shuka bakteriya.

Inda babu shuka, abin da ake dogara da shi wajen zazzaɓin taifot shi ne gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896. Gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar da jiki ya bari yake dubawa, don haka yakan nuna akwai cuta ga wanda ya yi ta ya warke tuntuni, ko ga mai fama da wani zazzaɓi dabam. Sakamakon haka, mutane da yawa na shan maganin taifot alhali ba ita ke damunsu ba. Kowane kafso da aka sha ba bisa ƙa'ida ba kuwa yana koya wa bakteriya yadda za ta bijire wa magani. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta mutum 64,500.

Mene ne fej?

Hausawa sun ce gaba da gabanta. Kamar yadda bairas ke kama mutum ya sa masa ƙyanda ko mura, haka ita ma bakteriya take da nata bairas ɗin da ke kama ta ya hallaka ta. Shi ne ake kira bakteriyofej, watau maci-bakteriya, ana kuma taƙaita sunan a ce fej. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Twort, shi ya fara lura da shi a 1915, sa'an nan Félix d'Hérelle na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya sake gano shi a 1917 a cikin bayan gidan masu atini, ya kuma raɗa masa suna. Ƙwayoyin fej sun fi kowace irin halitta yawa a doron ƙasa. Suna cikin ruwan kududdufi da na kwata, da ƙasar gona, da kashin dabbobi, har da hanjin ɗan Adam. Ba sa kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai ce abincinsu.

Yadda fej ke aiki shi ne, yakan manne a jikin bakteriya, ya tsarga mata sinadarin gadonsa, irin wanda masana ke kira DNA. Daga nan sai bakteriyar ta bar nata aikin ta koma ƙera sababbin ƙwayoyin fej, har ta fashe su fito gommai ko ɗaruruwa, sau da yawa cikin ƙasa da sa'a guda. Halaye biyu na fej ne suka sa ya dace da aikin gano cuta. Na farko, yana da zaɓe: wanda ke cin ƙwayar taifot ba ya kula ta kwalara, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Na biyu, ba ya hayayyafa sai a cikin bakteriya mai rai.

Likitoci sun daɗe da amfani da wannan zaɓe nasa. Tun 1938 wasu masana biyu a Kanada, Craigie da Yen, suka tsara hanyar rarrabe jinsunan ƙwayar taifot ta wajen duba wane fej ne ke cin wace, abin da ya taimaka wa ma'aikatan lafiya shekaru da dama wajen bin sawun annoba zuwa tushenta. Haka kuma tun cikin shekarun 1950 ake amfani da wani fej mai suna gamma wajen tabbatar da ƙwayar ciwon saifa, cutar dabbobin nan da ke kama mutane, wadda ta ɓulla a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023.

Yadda aka ba shi fitila

Sabon abu a nan shi ne sarrafa fej ɗin kansa. Mai karatu ya san maƙesu, ƙwaron nan da ke walƙiya da dare a lokacin damina. Haskensa yana fitowa ne daga wani sinadari da jikinsa ke haɗawa, kuma umurnin haɗa sinadarin a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadonsa. Wasu halittun teku ma suna da irin wannan baiwa. Masana sun koyi yadda za su yanko wannan umurni su dasa shi a cikin gadon fej. Fej shi kaɗai ba zai iya karanta umurnin ba, don haka ba ya haske. Amma da zarar ya shiga bakteriyar da yake nema, ita za ta karanta, ta haɗa sinadarin, samfurin ya soma fitar da haske wanda wata 'yar na'ura ke aunawa. Idan babu ƙwayar cutar a cikin samfurin, ko kuma ta mutu, babu haske.

Masana biyu a Isra'ila, Ulitzur da Kuhn, su suka fara nuna yiwuwar haka a 1987. A 1993 kuma William Jacobs da abokan aikinsa a Kwalejin Likitoci ta Albert Einstein da ke New York suka kai dabarar ga tarin fuka, suka kuma ƙara mata wani amfani mai muhimmanci. Idan aka raba ƙwayar cutar gida-gida, aka zuba wa kowane kaso magani dabam, sa'an nan aka sa fej mai fitila, kason da maganinsa ya ci ba zai yi haske ba, wanda ƙwayar ta bijire masa kuwa zai haskaka. Ta haka aikin da ke cin makonni ya dawo na 'yan kwanaki.

A nan ne fej ya bambanta da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Disambar 2010, kuma wadda yanzu ita ce ginshiƙin gano tarin fuka a Nijeriya. Na'urar tana ba da amsa cikin sa'a biyu, kuma ta ceci rayuka masu yawa a ƙasar da ta fi kowace yawan masu tarin fuka a Afirka, inda aka ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan suka kamu a 2023. Sai dai ita DNA take nema, kuma DNA na nan ko da ƙwayar ta mutu. Bugu da ƙari, tana gane bijirewar da aka riga aka san alamarta ce kawai. Tana son wuta da ɗaki mai sanyi, kuma kowane gwaji sai da kwalinsa daga waje, wanda aka rage kuɗinsa daga dala 9.98 zuwa 7.97 a 2023. Gwajin fej kuwa tambayar da yake amsawa ita ce wadda likita ya fi bukata: ƙwayar tana da rai, kuma wane magani ne ke kashe ta?

Binciken bai tsaya ga tarin fuka ba. A 2023 masana a babbar makarantar kimiyya ta ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Martin Loessner, suka buga sakamakon wani gwaji da ke gano manyan bakteriya uku masu haddasa ciwon mafitsara kai tsaye daga fitsari cikin 'yan sa'o'i. A Amurka kamfanonin abinci suna amfani da irin wannan fej mai haske wajen binciken nama da sauran kayan ci kafin su shiga kasuwa. A Ingila wani kamfani ya fito da gwaji mai suna Actiphage domin gano tarin fuka a jinin shanu, abin da ya shafi duk yankin da ake kiwo ana shan nono.

Akwai kuma wani reshe na daban. A 1985 George Smith na Jami'ar Missouri ya gano yadda za a sa fej ya ɗauko wani baƙon furotin a bayansa. Da wannan dabara ake tara miliyoyin fej, kowanne da nasa, a tace su a zaɓi wanda ya fi manne wa abin da ake nema, ko ƙwayar cuta ce ko guba. Wasu daga cikin abubuwan da ake samu ta wannan hanya ana sa su cikin kayan gwaji da magunguna. Aikin ya samar wa Smith da Gregory Winter na Kambirij rabin kyautar Nobel ta fannin sinadarai a 2018.

Darasi daga Bangaladash

Misalin da ya fi kusa da halin Gwiwa bai ma bukaci a sarrafa fej ba. A 2024 masu bincike a Bangaladash, ƙarƙashin Senjuti Saha, suka buga wani aiki mai sauƙin fahimta. Tunda fej ba ya rayuwa sai inda abincinsa yake, samun fej mai cin ƙwayar taifot a ruwan unguwa alama ce cewa taifot na yawo a unguwar. Suka ɗebo ruwan kwata da na kududdufai, suka tace, suka ɗiga a kan farantin da aka shuka ƙwayar taifot, suka kwana suka duba ko an ci ta. A birnin Dhaka, inda cutar ta yi yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran sun nuna fej ɗin. A Mirzafur, wani yankin karkara inda cutar ba ta da yawa, kaɗan ne ƙwarai suka nuna. An yi makamancin wannan aiki a Nefal.

Amfanin wannan ga hukuma a fili yake. Babu wanda zai iya faɗin yawan masu taifot na gaskiya a yankin da Widal kaɗai ake yi. Amma idan aka san unguwannin da ruwansu ke ɗauke da alamar cutar, an san inda za a fara haƙa rijiyar burtsatse, da inda dubagari zai fi mai da hankali, da inda allurar rigakafi za ta fara sauka. Kayan aikin kuwa ba su wuce abin da ɗakin gwaji na makaranta mai kyau ya kamata ya mallaka ba, muddin akwai tsaron da ya dace da riƙe ƙwayar cuta mai haɗari.

Ba girin-girin ba

Duk da haka, bai kamata a ɗauka an sami maganin matsala ba. Tarihin wannan fanni yana da gargaɗi. A farkon shekarun 2000 wani kamfanin Ingila ya fito da gwajin tarin fuka mai suna FASTPlaque, aka gwada shi a Afirka ta Kudu da Pakistan da wasu ƙasashe. Sakamakon ya riƙa bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu bakteriya na cikin kaki suna ɓata farantin, kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba hujjojin ba ta ga sun isa ta ba da shawarar a yi amfani da shi ba. A Amurka hukumar magunguna ta amince da wani gwajin fej na cutar jini mai suna KeyPath a 2011, amma kamfanin da ya yi shi bai daɗe a kasuwa ba. Har yau babu gwajin fej da ya zama kayan aikin yau da kullum a ƙananan asibitoci.

Matsala ta biyu ita ce zaɓen nan na fej, wanda shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Ƙwayar cuta iri ɗaya tana da jinsuna da yawa, kuma fej da aka zaɓa da jinsunan Zurich ko New York yana iya wuce jinsin da ke Kazaure bai gane shi ba. Idan haka ta faru gwaji zai ce babu cuta alhali tana nan, wannan kuwa ya fi rashin gwaji haɗari, domin za a sallami mara lafiya da takardar cewa lafiyarsa lau. Bakteriya ma takan sauya kama ta kare kanta daga fej, don haka dole a riƙa sabunta kayan gwajin.

Matsala ta uku ta tsaro ce. Ba kowane fej ne aboki ba. Wasu sukan ɓuya cikin gadon bakteriya su ba ta makami. Gubar da ke sa gudawar kwalara, wani fej ne ke ɗauke da umurnin haɗa ta, kamar yadda Waldor da Mekalanos suka tabbatar a 1996. Haka gubar mashaƙo, cutar da ta addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022, an san tun 1951 cewa fej ne ke kai ta. Saboda haka duk fej da za a yi aiki da shi sai an karance gadonsa kaf an tabbatar ba ya ɗauke da guba. Wanda aka sarrafa kuwa ya shiga ƙarƙashin dokar da ta kafa Hukumar Kula da Tsaron Halittu ta Ƙasa, watau NBMA, a 2015, wadda aka yi wa gyara a 2019 don ta haɗa da sababbin dabarun sarrafa gado. Jama'a na da haƙƙin a yi musu bayani a fili da harshensu. Arewacin Nijeriya bai manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, ko dakatar da allurar shan inna a 2003, kuma duk abin da aka shigo da shi a ɓoye zai gamu da irin wannan tirjiya.

Matsala ta huɗu ita ce zafi da wuta. Fej abu ne mai lalacewa, kuma a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40 sai an busar da shi ko an ajiye shi a firji. Gwajin da ya yi kyau a ɗaki mai sanyi a Turai sai an sake gwada shi a nan kafin a yarda da shi.

Abin da ya rage ga hukumomi

Idan aka auna waɗannan duka, abin da ya fito shi ne, gwajin fej ba kaya ba ne da Ma'aikatar Lafiya za ta sa cikin kasafin kuɗi ta sayo bana. Kuskure ne babba a karkatar da kuɗin ruwan sha, ko na rigakafi, ko na kwalayen GeneXpert zuwa abin da bai gama nuna ba. Kwalara da taifot cututtukan ruwa ne, kuma babu gwajin da zai maye gurbin famfo da masai.

Amma kuma kuskure ne a naɗe hannu a jira. Da ɗan gari akan ci gari. Tunda gwajin ba zai yi aiki a nan ba sai an gina shi da fej da ya san ƙwayoyin cutar nan, to, dole wani ya tattara waɗannan ƙwayoyi daga marasa lafiyar yankin, ya kuma tsamo fej daga ruwansa. In ba a yi haka ba, ranar da kayan suka iso kasuwa za a yi cinikin biri a sama, a sayo abin da aka ɗinka wa wasu.

Aikin tattarawar ba ya fin ƙarfin ɗalibai. A Amurka an soma wani shiri tun 2008 mai suna SEA-PHAGES, wanda Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh ke cikin jagororinsa, inda ɗaliban shekarar farko ke tono fej daga ƙasa su karance gadonsa. Daga cikin taskar Hatfull aka zaɓi fej uku da aka yi wa wata yarinya magani da su a wani asibitin yara na Landan, labarin da aka buga a 2019, kuma ɗaya daga cikinsu a Durban ta Afirka ta Kudu aka samo shi, a jikin ruɓaɓɓen gauta. A gida Nijeriya, ɗaliban Jami'ar Ibadan suna da ƙungiyar binciken fej, kuma Dokta Emmanuel Nnadi na Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos yana cikin masanan da suka haɗa zauren masu binciken fej na Afirka.

Yankin Kazaure ba ya rasa inda za a fara. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba nisa, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da tsangayar likitan dabbobi. Abin da ake bukata shi ne haɗin hannu, kuma ana iya kasa shi kashi huɗu.

Da farko, Gwamnatin Jiha ta tabbatar akwai ɗakin shuka bakteriya mai aiki, da wutar sola da ma'aikata, a babban asibiti aƙalla ɗaya a wannan shiyya, tare da tsayayyen tsarin ɗauko samfuri daga ƙananan asibitocin Gwiwa da Roni da 'Yankwashi da Babura. Wannan yana da amfani ga majiyyaci tun yau, ko da gwajin fej bai taɓa zuwa ba, kuma da shi ne za a auna gaskiyar duk wani sabon gwaji gobe. Na biyu, a riƙa adana ƙwayoyin cutar da aka samu, da bayanin magungunan da suka bijire wa, maimakon a zubar. Na uku, asusun TETFund da makarantun da aka ambata su tallafa wa malamai da ɗalibai su kafa taskar fej daga ruwan yankin, su kuma jarraba dabarar Bangaladash a garuruwa kaɗan a damina guda. Na huɗu, duk yarjejeniyar da za a yi da masu bincike na waje ta fayyace wa ya mallaki abin da aka tono, kuma da wane farashi zai dawo.

Lokacin ma ya dace. A watan Satumbar 2024 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki alkawarin rage mace-macen da ke da nasaba da bijire wa magani da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, kuma a shekarar ce Nijeriya ta ƙaddamar da shirinta na biyu a kan wannan matsala, na 2024 zuwa 2028. Irin waɗannan takardu a Abuja ake sa musu hannu, amma a wurare irin su Gwiwa ake sanin ko sun yi aiki. Ma'aunin kuwa ba mai wuya ba ne: ranar da uwa ta kawo ɗanta da zazzaɓin mako guda, gwajin cizon sauro bai nuna kome ba, shin malamin asibiti zai iya gaya mata sunan cutar da maganinta kafin ta koma gida, ko kuwa zai sake rubuta "zargi" ne a cikin littafinsa?

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma sa masu riƙe da amanar jama'a su duba.